TAMBARI A CIKIN BUT: ZAGAYEN BIRNIN BAUCHI

Matafiyin da ya taso daga Jos, bayan ya gangaro daga kan tsaunuka ya wuce Tilden Fulani da Nabordo, ya bar Dutsen Zaranda a gefe, ba zai daɗe ba sai ya ga Bauchin Yakubu shimfiɗe a tsakanin duwatsunta. Tafiyar wajen mil 80 ce, watau kilomita 130. In da la'asar sakaliya ya iso, ya bi titi har Wunti, to, akwai abin da zai tarye shi tun bai sauke kaya ba. Wani amo ne mai kauri, dum, dum, dum, irin wanda ƙirji ke fara ji kafin kunne. Baƙo ya waiga yana neman makaɗa, bai ga kowa ba, sai wata 'yar mota da gilasanta a rufe, saurayi ɗaya a ciki, lambar motar tana karkarwa a baya kamar mai zazzaɓi.

Abin da ke cikin but ɗin motar nan wata babbar lasifika ce a cikin akwatin katako, wadda samari ke kira wufa, tare da na'urar da ke ba ta ƙarfi, watau amfilifaya. Ba kamfanin da ya ƙera motar ya sa su ba. Mai motar ne ya sayo, ya kai wa mai wayarin ya haɗa su da rediyon da motar ta zo da shi. Wannan aiki ya zama sana'a a Bauchi kamar yadda ya zama a sauran manyan garuruwanmu, kuma yana da ilminsa, da haɗarinsa, da kuma haƙƙin da ke rataye da shi.

GARIN DA YA SAN DARAJAR MURYA

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓo tuta, shi ya kafa birnin nan a 1809. Masu ba da tarihi sun ce sunan garin daga wani maharbi ne mai suna Baushe, wanda ya nuna masa wurin. Aka kewaye gari da ganuwa, aka yi mata ƙofofi, irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai da Ƙofar Jahun da Ƙofar Dumi da Ƙofar Inkil. Yawancin ganuwar ta zube, gari ya ƙetare ta ta kowace fuska, amma sunayen ƙofofin suna nan a bakin jama'a, da su ake kwatance har gobe.

A zamanin da ganuwa ke tsaye, amo mai kauri ba na kowa ba ne. A masarautun ƙasar Hausa tambari na sarki ne, ba a buga wa talaka shi, kome dukiyarsa. Mahauta na da kalangu, manoma na da gangar noma, amma in aka ji tambari daga nesa, an san daga fada ne, kuma an san da dalili: ko salla, ko naɗi, ko wani babban al'amari. Hikimar abin kuwa a girman fatarsa take. Fata mai faɗi a kan babban akushi tana motsa iska mai yawa a hankali, shi ya sa muryarta ke da kauri, take kuma tafiya da nisa. Kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, da yake ɗan ƙarami ne, sai muryarsa ta zama siririya. Wufa ba ta zo da wata sabuwar hikima ba, tambari ne da lantarki ke bugawa.

Ban da kiɗan fada, Bauchi ta yi suna wajen magana. A shekarun 1940 a nan ne Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama da sauran 'yan boko suna muhawara a kan makomar Arewa. Shi Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, saboda daɗin lafazinsa har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Garin da ya fitar da irin waɗannan mutane ya san abin da ake nufi da murya, ya kuma san bambancinta da hayaniya.

DAGA KASET ZUWA WAYAR HANNU

Rediyon mota ba baƙo ba ne a duniya. A 1930 wani kamfani a Amurka ya fara sayar da shi da sunan Motorola, a 1932 kuma kamfanin Blaupunkt na Jamus ya fito da nasa. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma shi ne ya canza zaman mota a ƙasar nan, gama ya ba direba ikon zaɓen abin da zai saurara. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, garin ya cika da ma'aikata, tituna suka cika da Peugeot 504 wadda aka fara haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Ita ma Bauchi ta sami tata masana'antar, ta Steyr, inda aka riƙa haɗa manyan motoci da taraktoci daga ƙarshen shekarun 1970, kafin aikin ya durƙushe. A wancan zamani direba ya jefa kaset ɗin Mamman Shata, 'yan lasifiku biyu sun ishe shi daga nan har Maiduguri, domin muryar mutum da kalangu ba su fi ƙarfinsu ba.

Daga baya abubuwa biyu suka sauya. Na farko, motocin da suka cika gari suka zama na hannu, waɗanda ake shigo da su ta Kwatano ko ta Legas, su Corolla da Camry da Accord da Golf, da yawansu lasifikun ƙofofinsu sun riga sun tsufa. Na biyu, kiɗan kansa ya canza. Tun ƙarshen shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Hausa suka koma ɗakin ɗaukar murya, inda ake haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta, haka kuma waƙoƙin Legas. Na'ura tana iya fitar da amon da ya fi na kowace ganga kauri. Kaset ya wuce, faifan sidi ya bi shi, yanzu daga memori ko daga wayar hannu ta Bluetooth ake jawo waƙa. Sai saurayi ya ji waƙar a gidan biki tana girgiza ƙasa, ya sa ta a motarsa ya ji ta fayau kamar miyar da ba daddawa. Daga nan sai ya nufi kasuwa.

Dalilin haka a fili yake. Sauti girgizar iska ne, kuma kunnen mai ƙuruciya yana jin girgiza daga sau 20 a daƙiƙa har zuwa wajen sau 20,000. Amo mai kauri shi ne na can ƙasa, daga 20 zuwa wajen 100. Lasifikar ƙofar mota, wadda yawanci faɗinta inci 6 da rabi ne, ba ta iya tura iskar da wannan amo ke bukata. Wufa kuwa inci 10 ce ko 12, wani lokaci har 15. Sa'an nan rediyon da mota ke zuwa da shi, da yake daga batir mai bolt 12 yake cin wuta kai tsaye, abin da yake iya ba kowace lasifika na haƙiƙa bai cika wuce wat 15 zuwa 20 ba. Wannan ba zai motsa wufa yadda ya kamata ba, shi ya sa dole a nemo amfilifaya, wadda ke ɗaga ƙarfin wutar a cikinta kafin ta tura.

A RUMFAR MAI WAYARIN

Kayan suna zuwa ne daga kasuwar Alaba ta Legas da Anaca da Kano, sababbi a kwali da na hannu a ƙasa, wasu da sunan Pioneer ko Kenwood ko Sony ko JBL, na gaske da na jabu duk a jere. A nan ne mai saye ke fara faɗawa rami. Zai ga an rubuta wat dubu kaza da manyan haruffa a jikin kwali, alhali wannan lissafin ƙiftawar ido ne. Ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana aiki shi ake rubutawa da alamar RMS, sau da yawa da ƙananan haruffa, kuma shi ya kamata a gwada tsakanin wufa da amfilifaya. Masu wayo kan duba fis ɗin da ke jikin amfilifayar: wadda fis ɗinta na amfiya 20 ne, ba yadda za a yi ta ba da wat dubu, ko da mai shago ya rantse.

Masu haɗawa kuwa ana samunsu inda ake samun sauran masu gyaran mota, a gefen manyan tituna, ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar darbejiya, maigida a tsugune, yara biyu ko uku suna miƙo masa sukundireba da filaya. Wanda ya san aikinsa, abin da zai fara yi shi ne ya cire kan batir na ƙasa, don kada waya ta taɓa ƙarfe yana cikin aiki. Sa'an nan ya ja waya mai kauri daga batir, ya ratsa da ita ta bangon da ke tsakanin inji da mazauna, ta cikin zoben roba don kada ƙarfe ya yanke ta, ya bi da ita ƙarƙashin kafet har but.

A kan wannan waya rai ya rataya. Amfilifayar da ke ba da wat 500 na gaskiya tana iya jan wuta fiye da amfiya 40, kuma wayar da ta yi siriri za ta yi zafi. Akwai kuma wadda ake sayarwa da araha, a ido jan ƙarfe ce, a ciki kuwa alminiyam ne aka shafe, ba ta ɗaukar wuta kamar ta ainihi. Fiye da kome, lalle ne a sa fis a kan wayar kusa da batir, kada tazarar ta wuce kamu ɗaya, watau inci 18. Wasu kan ce ai amfilifaya tana da nata fis. Wancan na'urar yake tsarewa. Wannan na kusa da batir shi ke tsare motar, domin in wayar ta goge ta taɓa ƙarfe a tsakiyar hanya, batir zai zuba mata duk abin da ke cikinsa, ta yi ja kamar garwashi a ƙarƙashin kafet, kusa da bututun mai. Kuɗin fis bai kai na cin abincin rana ba, amma rashinsa yana iya cinye mota ƙurmus. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Waya ta biyu ita ce wadda ake ɗaurewa a jikin motar. Gajeruwa ake so, kaurinta daidai da ta farko, a kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da noti tamau. In ta yi sako-sako, sai a riƙa jin wani kuka siriri a lasifika yana hawa yana sauka tare da totur. Don gudun wannan kuka ne ma ake bin da wayar wuta ta gefe ɗaya na mota, wayar sauti ta ɗaya gefen.

Sauran aiki shi ne ɗauko sautin daga rediyon kamfani. Rediyon kasuwa yana da ramuka a baya da aka tanada don amfilifaya, amma na kamfani yawanci ba shi da su. Saboda haka sai a ɗauko sautin daga wayoyin lasifikun baya, a bi da shi ta wata 'yar na'ura mai sassauta ƙarfinsa, sai fa in amfilifayar irin wadda ke karɓarsa kai tsaye ce. Akwai kuma 'yar siririyar waya, galibi shuɗiya mai ratsin fari, wadda ke gaya wa amfilifaya ta tashi in an kunna rediyo, ta kwanta in an kashe. Wanda aka haɗa wa ita da wuta mai zama kullum, zai wayi gari batir ya mutu, ya shiga neman yaran unguwa su tura shi. A motocin zamani kuwa sai an yi hattara ƙwarai, gama wayoyin jakar iska da na ƙwaƙwalwar mota suna bi ta wuraren nan, kuma yankan waya bisa ka yana iya jawo ɓarnar da ta fi kuɗin kayan kiɗan duka.

AKWATI, ZAFI DA ƘURA

Wufa ba ta aiki tsirara. In ba akwati, iskar da ta tura ta gaba sai ta zagayo ta cike ta baya, amon ya mutu. A nan kafinta ke shigowa. Akwatin da aka rufe ruf yana ba da amo tsaf, ba ya kuma cin wuri da yawa. Wanda aka yi wa rami yana ba da ƙara fiye da haka, amma ya fi girma, kuma sai an auna ramin daidai da lasifikar. Kowanne ne, katako mai kauri ake so, a liƙe kowace kafa, sa'an nan a ɗaure akwatin a jikin mota. A mota irin Golf, wadda but ɗinta a buɗe yake da mazauna, akwati mai nauyi da ba a ɗaure ba yana iya tashi ya faɗa wa na gaba in an yi karo.

Bayan an gama haɗi sai saiti. Ana tace sautin yadda abin da ya wuce girgiza 80 a daƙiƙa, ko kusa da haka, ba zai shiga wufa ba, a bar wa lasifikun ƙofa muryar mawaƙi. Akwai kuma wani maɓalli da ke daidaita ƙarfin rediyo da na amfilifaya, wanda yara ke ɗauka na ƙara murya ne, su murɗe shi har ƙarshe. Abin da ke biyo baya sauti ne mai gurnani, sa'an nan warin ƙuna, wufa ta tafi.

Yanayin Bauchi ma yana da nasa hukunci. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar da ta yini a rana. Amfilifayar da aka cusa ƙarƙashin tarkace ba ta samun iska, sai ta riƙa ɗaukewa. In hunturu ya zo, ƙura ta shiga ko'ina. Sa'an nan ga altaneta, wadda a ƙananan motoci abin da take bayarwa bai cika wuce amfiya 70 zuwa 100 ba, kuma a ciki fitilu da fanka da na'urar sanyi ke ci. Duk wanda ya ga mota da dare fitilunta suna lumshewa tare da bugun kiɗa, to, ya ga altanetar da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta.

Ba kowa ke bukatar wannan ɗawainiya ba. Direban haya da ke lodi zuwa Gombe ko Azare ko Kano ba zai ba akwati but ɗinsa ba, domin but nan ne abincinsa. Dattijon da abin saurarensa labarai ne da karatun Alƙur'ani da wa'azi, wufa ba za ta ƙara masa kome ba, gama muryar ɗan Adam ba ta sauka can ƙasa inda take aiki. Lasifikun ƙofa masu kyau sun fi masa amfani. Mai tallar magani da ɗan siyasa kuwa amsa-kuwwa suke ɗorawa a kan mota, wadda ke jefa magana nesa. Kasuwar wufa ta samari ce, da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin fasaha da ke Gwallameji waɗanda Allah ya hore wa mota, da kuma ayarin kai amarya.

WANDA KE JI BA DA SONSA BA

Mai karatu zai lura cewa in irin motar nan ta wuce, ba a jin waƙar, sai dukan kawai. Dalili shi ne sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa, saboda haka amon da ke girgiza sau 40 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya haura mita 8, ya fi motar kanta tsawo. Gilashi da bango suna tare siririn sauti, amma irin wannan yana ratsa su. A cikin tsohon gari, inda lunguna ke da matsi, gidaje suna jingine da juna, motar da ta tsaya a ƙofar gida ɗaya da dare tana kaɗa kwanukan gida goma. A cikinsu akwai jariri, akwai majinyaci, akwai mai salla, akwai wanda zai yi sammakon fita nema. Ba wanda ya shawarce su.

Hukuma ba ta yi shiru ba a takarda. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, watau NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da dokokin hana yawan ƙara da aka fitar a 2009. Amma tun kafin doka, tarbiyyar gari ta san haƙƙin maƙwabci, kuma ita ce ta fi saurin isa lungu.

Shi kansa mai motar bai tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayani cewa babba yana iya sauraron ƙara mai ƙarfin desibel 80 har sa'o'i 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ta kai desibel 100, abin da aka yarda masa bai kai rabin sa'a ba a makon duka. Mota mai wufa da gilasai a rufe tana wuce 100 ba da wahala ba. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda ke karɓar sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Abin yana farawa da ƙugi a kunne bayan an sauka daga mota, ya ƙare da mutum yana cewa a maimaita masa magana tun bai yi furfura ba. Bugu da ƙari, direban da ba ya jin oda, ba ya jin jiniyar motar asibiti, ba ya jin kukan injinsa, ya rasa ɗaya daga cikin abubuwan da ake tuƙi da su. Tsofaffin direbobin Bauchi da kunne suke gane ciwon mota tun ba ta tsaya ba.

A ƘOFAR RAN

Baƙon da ya gama zagayen kasuwa da gareji, ya kyautu ya ƙarasa ta wajen Ƙofar Ran, inda kabarin Tafawa Ɓalewa yake, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairu 1966. Maginin wurin ya tsara shi yadda mai shiga zai fara bi ta wata hanya mai duhu, haske yana ƙaruwa kaɗan kaɗan, har ya fito fili inda kabarin yake, ba rufi sai sararin sama, ba ado sai sauƙi. A nan ƙarar gari takan ja baya, mutum ya ji takun kansa. Jifa-jifa dai, daga can titi, dum, dum ɗin wata mota kan ratso bango ya wuce.

Ba laifi ba ne saurayi ya so jin kiɗansa da cikarsa, kuma sana'ar masu haɗawa sana'a ce ta ilmi wadda ke ciyar da gidaje. Abin da ake nema kaɗan ne: waya ta gaskiya, fis kusa da batir, akwati a ɗaure, da hannu mai rage murya in an shigo unguwa, ko an zo kusa da masallaci da coci da asibiti da makaranta. Tambarin fada, duk da girmansa, yana da ranakunsa da lokutansa, shi ya sa in ya yi magana gari ke saurare. Wanda zamani ya ba tambari a but ɗin motarsa, sai ya karɓe shi tare da wannan ladabi. Allah ya kiyaye hanya, ya zaunar da Bauchin Yakubu lafiya, amin.